Yini Ɗaya a Bakin Jakara

Ran nan bayan an tashi daga sujada, na bi wani dattijon ekklisiyarmu zuwa lambunsa a bakin Jakara, bayan garin Kano. Rani ne, amma wurin kore shar, ga latas, ga kabeji, ga alayyafo. Ruwan da ake ba shukar kuwa baƙi ne ƙirin, da wari.

Jakara daga cikin birni take fitowa, ta kwashi ruwan kwatami, ta bi ta gefen Sabon Gari. Can gaba rafin Getsi ya same ta da ruwan masana'antun Bompai, har da na jimar fata. Daga nan sai madatsar Wasai, wajen Minjibir.

Majeman dā da bagaruwa suke jima. Masana'antu kuwa suna aiki da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam. Ga kuma dalma daga tsofaffin baturan mota da tsohon fenti, wadda ruwan sama ke wankowa daga tituna da garejin makanikai. Ruwan farko na damina ya fi kowane kwaso ta, gama ƙurar rani duka shi yake sharewa.

Kashin dabba da ganye sukan ruɓe. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Yakan manne wa laka mai laushi, inda ruwa ya rage gudu sai ya kwanta tare da ita. Ruwan ya yi kamar ya tace, alhali dafin yana ƙasa, in ambaliya ta zo ta sake tayar da shi. Wanda ya shiga gona yakan zauna cikin ƙasa shekara da shekaru, wani kuma saiwa ta ja shi zuwa ganye. Uwargida, wankin ganye yana fid da ƙurar bisa kaɗai, tafasa kuma tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa dalma. Yara ƙanana ta fi cuta, gama tana taɓa ƙwaƙwalwa. Dalmar haƙar zinariya ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Na gaya wa dattijon wannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, da lambun nan na sa 'ya'yana makaranta. Ka nuna mini wani ruwan."

Ban iya ba shi amsa ba. Da zan tafi ya cika mini jaka da latas, na karɓa da hannu biyu.