Wane ƙarfe ne ya kamata ya fara sakewa?

Ƴan uwa malamai da iyayen yara, yau ba zancen lakwal na zo da shi ba, ko da yake lissafi zai leƙo a ciki. Zancen mota ne. Shekara uku ke nan ina tayar da wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, wadda na saya a hannun magadan wani ɗan kasuwa. Kowane babban hutu nakan ɗauki sashe guda in gama da shi. Bara inji ne. Bana kuwa bwat ce da ambirayaji, wato akwatin witas da abin da ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa kuloci. Su biyun nan sun fi injin ba ni wahalar yanke shawara, domin inji kowa na jin kukansa ya yaba, amma su a ɓoye suke ƙarƙashin mota, sai ranar da suka ƙi aiki ake tunawa da su.

Na san wani zai ce me ya haɗa mushe da motar gudu. Motar nan ba a raina ta. A 1968 ta fito, kuma a 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, ta ci na Bandama a Kodibuwa, ta ci na Maroko. Waɗannan tsere ne na dubban kilomita cikin ƙura da taɓo, inda motar da ba ta karye ba ita ke isa gaba. Abin da nake so daga tawa bai kai haka ba. Ina so in taso daga Maradi da iyalina in kama hanyar Damagaram, kilomita ɗari biyu da talatin da ɗoriya, ba tare da inji yana ihu kamar za a yanka shi ba. Ina so idan na tarar da kamyo ya yi lodin albasa yana jan ciki, in wuce shi kafin kwana ta zo. Sannan ran Juma'a in sauka daga kwalta in shiga rairayi har ƙauyen da tsohuwata take. Buƙata uku ke nan, kuma kowace tana jan zaɓin zuwa nata ɓangaren.

Injin nawa mai cc 1971 ne, wanda daga masana'anta yake ba da ƙarfin doki 96 ko kusa da haka. Bara mun kankare kansa kaɗan, muka sa masa karbirata mai maƙogwaro biyu, muka faɗaɗa bututun hayaƙi. A kimantawar makanikena, dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran motocin tasha, ƙarin da ya samu bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Wannan adadi shi ne tushen komai. Ambirayaji bai san doki ba. Abin da yake riƙewa shi ne ƙarfin murɗa, wato irin ƙarfin da hannu ke sa wa a sifana lokacin kwance noti. Na wannan injin yana wajen Nm 160 tun asali, don haka ko da ƙarin bai kai 190 ba. Duk wanda zai zaɓi bwat ko ambirayaji bai fara da wannan lamba ba, to tallar ɗan kasuwa ce za ta zaɓar masa.

Bwat ɗin da motar ta zo da ita mai witas huɗu ce, wadda Peugeot ke kira BA7. Akwai ƴar uwarta mai witas biyar da aka sa wa 505, akwai kuma BA10, babbar yayarsu, wadda aka yi don injuna masu silinda shida da masu turbo. Ita BA10 ban daɗe a kanta ba. Ƙarfin da take ɗauka injina ba zai taɓa kaiwa can ba, ta fi nauyi, ta fi tsada, kuma idan wani abu ya lalace a cikinta sai an yi cigiya. Sayen ta kamar sayen raƙumi ne don ɗaukar tiya biyu ta gero.

Gardamar gaskiya tsakanin huɗu da biyar take. Babban yaron nan nawa, wanda ke aji na uku a kwaleji, ya dage a kan biyar, hujjarsa kuwa wai za ta ƙara gudu. Sai na miƙa masa alli na ce ya nuna mini a jikin bangon gareji. Mun auna taya da igiya, zagayenta ya kusa mita 2. Mun buɗe pon, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga ƙafafun baya, muka ƙirga: ƙaramin yana da haƙori 9, babban yana da 35, ke nan sai sanda ta juya sau 3,89 kafin taya ta juya sau ɗaya. A witas na huɗu, juyin inji da na sanda daidai suke. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 1667 a minti, taya na juyawa sau 833, inji kuwa wajen sau 3240. Witas na biyar yana rage wannan da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai ya dawo wajen 2650. Ƙa'idar nan ce ta uku da muke koya wa ƴan CM2, ba wani abu ba, amma ban taɓa ganin yaron ya yi rabawa da irin wannan zumuɗi ba. Abokan aiki masu neman misalin da zai kama yara maza a darasin daidaito, ga shi nan kyauta: sarƙar keke ma ta isa, a ƙirga haƙoran gaba da na baya.

Da ya gama lissafin sai ya ga abin da ban faɗa masa ba. Witas na biyar ba ya ƙara ƙarfi, rage jan mota ma yake yi. Wanda zai wuce kamyo dole ya dawo na huɗu ko na uku. Amfaninsa shi ne hutu: inji ya rage kuka, ya rage zafi, ya rage shan asansi a doguwar hanya. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iskar da ke shiga radiyata kanta kamar daga tanda take fitowa, juyi ɗari shida da aka rage a kowane minti na tsawon awa uku ba ƙaramin abu ba ne. Saboda wannan na yarda da biyar, ba don hujjar da ya fara kawowa ba.

Sai dai ba a cire huɗu a cusa biyar a tafi. A 504 sandar da ke kai juyi baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe bwat da pon, kuma mai witas biyar ta fi tsawo, don haka dole a samo gajeren bututu da sandarsa. Wasu suna yankewa su yi walda. Makanikena ya ce, "Mushe, sandar da aka yanka ko an daidaita ta da ido, a gudun ɗari za ta gaya maka gaskiya." Shi ya sa na ce a nemo bwat daga 505 mai inji irin nawa, domin bakinta ya zauna daidai, a haɗo da duk abin da ke maƙale da ita. Daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka kawo biyu in zaɓa. Ta farko an wanke ta tana ƙyalli, amma da muka kwance notin zubar da mai, maganaɗisun da ke jikinsa ya fito da garin ƙarfe har da ɓarɓashi masu kaifi. Ta biyu baƙa ce ƙirin da dattin shekaru, notinta kuwa ɗan laushin toka kawai gare shi, sandar gaba ba ta girgiza, witas na biyu yana shiga ba gardama. Ita na ɗauka. Abu ɗaya da zan ja kunnen masu irin wannan mota: BA7 man inji take sha, haka masana'anta ta tsara. Yaran gareji da yawa suna ɗura mata mai kauri irin na pon, sai witas ya riƙa ƙin shiga da sanyin safiya a ce bwat ta mutu.

Yanzu ga inda aka fi kai ruwa rana. Ambirayaji faifai ne mai fata a fuska biyu, wanda faranti mai sifirin ke matsewa a jikin babban faifan ƙarfe na bayan inji. Ka taka feda, matsi ya saki, inji ya rabu da bwat. Ka ɗaga ƙafa, su sake haɗuwa. Ɗan lokacin nan da faifan ke zamewa kafin ya kama, shi ne ke sa mota ta tashi a hankali. Yaron ya nuno mini a salula irin na tsere: maimakon fata zagaye, ƴan faci huɗu ko shida ne na yumɓu da ƙarfe, wani ma babu sifirin a tsakiyarsa, da faranti mai matsi kusan ninki. Wani mai shago a nan ya ce zai sa a kawo mini, kuɗin kuwa ya fi albashina na wata.

Ba zan zalunci abin ba, yana da inda ya dace. Yana jure zafin da zai ƙone fata, kuma a filin tsere, inda direba ke sakin feda da ƙarfi sau ɗari a yini, shi ne daidai. Yaron ya ce ai rairayi ma yana ƙona ambirayaji, kuma a nan yana da gaskiya. Amma irin wannan faifai ba ya san zamewa, ko ya kama ko ya saki. A cikin rairayi kamun farat ɗaya shi ne ke sa ƙafafun baya su tona rami, mota ta zauna a kan cikinta. A bakin babbar kasuwa kuwa, tsakanin ƴan kabu-kabu da amalanken jakai, mota za ta riƙa zabura tana mutuwa. Yana cin fuskar babban faifan inji. Farantinsa mai tauri yana gajiyar da ƙafa, yana kuma gajiyar da robobin silindar mai, tunda ambirayajin 504 da mai yake aiki ba da waya ba.

Duk waɗannan za a iya haƙuri da su. Abin da ya yanke mini hukunci wani ne. Daga inji zuwa taya ƙarfe ne ke miƙa wa ƙarfe: faifai, haƙoran bwat, sanda, pon, kardan. Ranar da taya ta maƙale a rami inji kuma yana turawa, dole ɗaya daga cikinsu ya ba da kai. Injiniyoyin da suka zana motar sun riga sun zaɓi wanda zai yi hakan, shi ne faifan nan mai fata, kamar ƴar siririyar wayar da ke ƙonewa a mitar lantarki domin gida ya tsira. Idan na sa wanda ba ya zamewa ko kaɗan, bugun bai ɓace ba, gaba ya wuce, zuwa haƙoran bwat ɗin da ta riga ta yi shekara talatin tana aiki a jikin wata mota.

Ku kwatanta mutuwar biyun. Faifai ba ya mutuwa ba sallama. Zai fara wari, sannan ka ji inji na tashi mota ba ta bi, kuma ko a haka zai lallaɓa ya kai ka gida. Ana samunsa a Maradi, a Tasawa, a Damagaram, kuma duk makaniken da ya kai shekara arba'in ya canza shi ba adadi. Haƙori ko kardan kuwa ƙara ɗaya yake yi, sai tsayawa. Idan hakan ta faru bayan magariba tsakanin Agye da Gazawa, da mace da yara huɗu a mota, ba zancen kuɗi ake ba tukuna. In an zo zancen kuɗin ma, tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan da ke biyowa ta Kwatano sun ƙara wuya da tsada. Uwargida, wadda ba ta taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, tambaya ɗaya ta yi da na zayyana mata: "Malam, wanne ne in ya lalace za mu kwana a gida?" Bayan haka ta tuna mini cewa Oktoba na tafe da kuɗin littattafai da na ɗinkin yara.

Abin da na saya ke nan: sabon faifai mai fata da sifirin a tsakiya, milimita 215 kamar na asali, da sabon faranti, da sabon boris ɗin da ke tura shi, duka na Valeo. Masana'anta kan bar rarar riƙo a ambirayaji fiye da abin da inji ke bayarwa, kuma ƙarin kashi 15 bai cinye wannan rara ba, muddin kayan sababbi ne na gaskiya. Wannan "na gaskiya" shi ne aikin, domin kwali mai suna ba shi ne shaida ba. Dattijon ya ɗora faifai biyu a tafin hannu, ya duba ƙusoshin da suka riƙe fatar, ya latsa sifirin da babban yatsa, ya mayar wa mai shago ɗaya ba tare da ya ce uffan ba. Babban faifan inji mun kai an share fuskarsa a injin tuni, amma na hana a rage masa nauyi kamar yadda masu tsere ke yi. Nauyin nan shi ke riƙe juyi lokacin da mota ke tashi daga rairayi da lodi. Robobin silinda biyun ma an canza su, tunda an riga an buɗe wurin.

An ɗaura komai makon jiya. Sabuwar fata tana son kilomita kamar ɗari biyar na tafiyar hankali kafin ta zauna, don haka har ƙarshen wata ba wuce kamyo, ba shiga rairayi mai zurfi. Yaron ya riga ya koma bangon gareji da allinsa. Ya gano cewa tunda yanzu akwai witas na biyar, za a iya sa pon mai haƙori 37 ko 38 a maimakon 35, mota ta ƙara ja a rairayi, kuma a kwalta inji bai kai juyin da yake yi a da ba. Na duba lissafin, daidai ne. Na ce masa ya rubuta shi a takarda ya ajiye, sai hutun baɗi in Allah ya kai mu.