Gwani da 'Yan Amshi a Filin Ƙwallon Kwando

Gardamar ko gwani guda ne ke ci wa ƙungiya kofi ko kuwa taron 'yan wasa, daɗaɗɗiya ce, amma ba inda ta fi zafi kamar a ƙwallon kwando. Dalili kuwa a fili yake. A ƙwallon ƙafa mutum 11 ne a kowane ɓangare, har mai kai hari ya yini ƙwallo ba ta ziyarce shi ba. A kwando kuwa mutum 5 ne kacal, kowa ya kai hari kowa ya tsare gida, kuma a gasar NBA ta Amurka daƙiƙa 24 ake bai wa ƙungiya ta yi jifa. Saboda haka hannun mutum ɗaya na iya taɓa kusan duk abin da ya wakana cikin minti 48 na wasa.

Mu Hausawa kunnenmu ya saba da yabon mutum guda. A dambe da kokawa zakara shi kaɗai yake shiga fage, shi ake yi wa kirari, shi makaɗi ke wasawa. Ko a kiɗan fada, sunan jagora ake kamawa, a ce waƙar Ɗanƙwairo ko ta Narambaɗa, alhali da 'yan amshi za su yi gum, da waƙar ta gurgunce. Ina jin da wannan kunnen ne matasanmu ke kallon kwando, shi ya sa da an ambaci ƙungiyar Bulls ta birnin Shikago sai ka ji an ce Michael Jordan, a tsaya nan.

To, bari mu bi tarihin a tsanake. Jordan ya shiga ƙungiyar a 1984. A watan Afrilun 1986 ya zuba wa Celtics ta Bostan maki 63 a wasa ɗaya, amma ƙungiyarsa ta sha kaye a ranar, aka kuma fitar da ita ba ta ci ko wasa guda ba. Kakar da ta biyo baya yana cin maki 37 da ɗoriya a kowane wasa, duk da haka wasannin da suka faɗi sun fi waɗanda suka ci. Sai da aka ɗauko Scottie Pippen da Horace Grant a 1987, Phil Jackson ya karɓi horarwa a 1989 ya tilasta a riƙa zagaya ƙwallo tsakanin mutum biyar, sannan kofi ya zo a 1991, da 1992, da 1993. Shekara bakwai gwani yana jiran 'yan amshinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kakar 1993 zuwa 1994, lokacin da Jordan ya jingine wasan. Kafin tafiyarsa sun ci wasa 57 cikin 82. Ba shi kuma suka ci 55. Masu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka nan suke kafa hujja, su ce to ina amfanin gwanin? Sai dai sukan tsallake ƙarshen labarin: Knicks ta Niyok ta fitar da su a zagaye na biyu na wasannin neman kofi. Da Jordan ya dawo ya daidaita, suka sake ɗaukar kofi uku a jere daga 1996 zuwa 1998. Ke nan ƙungiya mai tsari tana iya kai kanta bakin gulbi, amma fito sai da gwani. Haka kuma ba kowace ƙungiya ce ke jure rashi irin na Bulls ba. LeBron James ya bar Cavaliers a 2010, ta faɗo daga cin wasa 61 zuwa 19. A ganina wannan faɗuwa ba girman LeBron kaɗai ta nuna ba, ta tona asirin ginin da aka ɗora kacokan bisa wuyan mutum ɗaya. Malamin da zai riƙe aji mai ɗalibi guda haziƙi, wanda shi ke amsa kowace tambaya ran da sufeto ya zo, ya san irin wannan gini.

Hujja mafi ƙarfi ga masu kare gwani ita ce ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. A 1994 ya ɗauki Rockets ta Hustan zuwa kofi, ba tare da wani abokin wasansa da aka zaɓa cikin taurarin shekarar ba, ya kuma haɗa lambar gwarzon kaka, da ta gwarzon tsaron gida, da ta gwarzon wasannin ƙarshe. A wasa na shida, da Knicks ta ci da an gama, shi ya kai yatsu ya karkatar da jifan John Starks na daƙiƙar ƙarshe. Wannan kam aikin gwani ne, ba mai musu. Amma ba don wasa na uku ba da ba a je nan ba, kuma wanda ya ci wa Rockets maki bakwai na ƙarshe a daren, yaro ne sabon shiga mai suna Sam Cassell.