Sanduna 24 a Goshin Jirgin Slater

Daga birnin Niyok jirgin ƙasa ya bi gaɓar kogin Hudson da mu, arewa sak, har Albani. Can aka ɗaure USS Slater, jirgin rakiya na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya yi wa sojan ruwan Girka aiki kafin a maido shi Amurka a 1993. Ban daɗe wajen manyan bindigoginsa ba. Abin da ya kai ni yana goshin jirgin, bayan bindiga ta farko.

Sanduna ne na ƙarfe guda 24 a tsaitsaye, sun ɗan karkata gaba. Kowane sanda ana zura masa bam da hannu, mai nauyin kilo kusan 30. Turawan Ingila suka ƙera makamin, suka sa masa suna Hedgehog, ya shiga aiki a 1942.

Kafin zuwansa, gangunan bam ake mirginawa ta bayan jirgi. Sai jirgi ya bi ta kan jirgin ƙarƙashin ruwa na abokan gaba kafin ya sake su, kuma daidai lokacin ne na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa take rasa shi. Kyaftin ɗin Jamus da ke ƙasa sai ya karkata, ya sulale. Wannan makantar ce Hedgehog ya magance. Yana cilla bama-baman gaba, tazarar mita 230 ko kusa da haka, tun na'urar tana riƙe da abin harin. Bibbiyu suke tashi a jere, don kada ƙarfin tashinsu ya lotsa daɓen jirgi, su faɗa ruwa a zagaye kamar an jefa birgi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba sa fashewa sai sun taɓa ƙarfe. In an kuskure, shiru kake ji, ruwa bai hargitse ba, mai saurare ya ci gaba da bin sawu. Matuƙa da yawa ba su so shi da farko ba, don sun saba da rugugin ganguna mai ƙarfafa gwiwa. In kuwa ƙara ta taso, to mutane da dama sun halaka a ƙasa, kuma 'ya'yan wasu ne su ma.

A watan Mayun 1944, wani jirgin rakiya, USS England, ya nutsar da jiragen ƙarƙashin ruwa 6 na Japan cikin kwana 12 da wannan makami.