Kuɗin marayu da kwandon Legas

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Wata biyar ke nan kuɗin shagon marigayi ƙanena suna kwance a banki. Naira miliyan uku da 'yan kai, na yara uku, babbarsu tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ni dangi suka damƙa wa, kuma tun ranar barcina ya ragu. A kasuwar Mashi da ta ci makon jiya na daɗe tsaye a layin 'yan hatsi ina kallon masu awo. Abin da ya saya mini buhu biyu na gero shekara biyu baya, yau da kyar yake ɗauko ɗaya. Ba wanda ya taɓa kuɗin yaran nan, amma ci ake yi.

Ɗan yayata da ke aiki a Kano ya zo jiya. Da dare ya buɗe wayarsa ya ce, "Kawu, ga wani abu na halal." Sunansa Lotus Halal Equity ETF. Ya kwatanta mini shi da kwando: an zuba hannun jarin kamfanoni da dama a ciki, kai kuma ka sayi yanki na kwandon gaba ɗaya a kasuwar hannun jari ta Legas, ka sayar ranar da ka ga dama. Na ce ya bar mini takardun in kwana a kansu.

Talata

Kamfanin Lotus Capital, wanda Hajara Adeola ta kafa a 2004, shi ke riƙe da asusun, kuma an shigar da shi kasuwa a 2014. Ba manajan ne ke zaɓen kamfani da son ransa ba. Akwai jerin da ake bi, ma'aunin Musulunci na kasuwar da aka fara a 2012, wanda ya fitar da bankunan ruwa da masu giya da taba da caca, ya kuma duba yawan bashin da ke kan kowane kamfani.

Nan tunanina ya tafi ga makiyayin da mahaifinmu yake ba kiwo a wajen Birnin Kuka. Baba ba ya yabonsa don damina ta yi kyau, ba ya kuma zaginsa don an yi fari. Tambayarsa ɗaya ce: namu sun yi ƙiba kamar sauran garken, ko an bar su a baya? Haka ya kamata a auna manajan irin wannan kwando. In ma'aunin ya hau da kashi ashirin, kwandon ya hau da sha tara, ɗayan da ya ɓace ladan kiwo ne. In kuwa biyar suka ɓace, sai an zauna an yi bayani.

Laraba, 15 ga wata

Yau hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da hauhawar farashi ta watan Disamba: kashi 34.80 cikin ɗari. Ɗan yayata ya riga ya nuna mini da murna cewa babban ma'aunin kasuwar gaba ɗaya ya hau da kashi 37.65 a 2024. Na ɗauko biro na rubuta a bayan takardar makarantar yaran. Wanda ya sa naira 100 a farkon shekara ya tashi da 137 da sulalla, kayan da yake saya da 100 kuma sun koma kusan 135. Ribar gaskiya ba ta cika naira uku ba, tun kafin dillali ya cire la'adarsa. Ta 2023 ta fi daɗin ji, kashi 45.90 a kasuwa, tsada kuma 28.92.

Yaron ya ɗan yi shiru. Na ce masa kada ya karaya, domin wanda ya bar ɗarinsa a kwance shi ya sha kashi sosai. Amma wannan lissafin na kasuwa duka ne, har da bankunan da kwandon halal ba ya ɗauka. Shekarar da bankuna suka yi tashi, mai kwandon halal zai gani a aljihunsa, kuma ba laifin manaja ba ne. Da ma'auninsa za a gwada shi.

Alhamis

Hazo ya rufe gari, intanet ma sai a hankali. Ban yi komai a kai ba. Na kai ƙaramin marayun aski.

Juma'a

Bayan an sauko masallaci na bi Malam zaurensa. Na san a mazhabar Malikiyya ana fitar da zakka daga dukiyar maraya, shi ya sa ake son waliyyi ya juya ta. Malam ya ƙirga da yatsu ya ce rabon kowane yaro bai kai nisabin zinariya ba, saboda haka ba zakka ke bina ba, amana ce. Sai ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba: "Alhaji, in ɗan kuɗin ruwa ya gauraya da ribar wani kamfani a ciki, wa ke tsarkakewa, kai ko su?" Na rubuta ta. Ya ƙara da cewa halaccin ciniki bai taɓa zama alkawarin riba ba, mai sayar da dabino ma yana faɗuwa.

Gaskiyarsa. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, manyan kamfanoni masu bashin dala sun ji jiki. MTN Najeriya ya yi asarar naira biliyan 137 a shekarar, Nestlé ma ya tashi da asara. Kasuwarmu kuwa kamfanoni ƙalilan ne suka danne ta da girma, siminti da sadarwa da abinci. Dole in ga nauyin kowanne a cikin kwandon. In uku ne suka cinye rabinsa, to akuya uku na saya, sauran kaji ne.

Asabar

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fita. Rago, in rashin lafiya ta taso da dare, kafin hantsi ka kai shi kara ka dawo da kuɗi. Kasuwar Legas ba ta ci Asabar da Lahadi, ranar aiki ma ƙarfe biyu da rabi take tashi. Kwanduna irin wannan kuma ba kullum ake samun cinikinsu da yawa a ƙasar nan ba. Yaron ya koya mini in riƙa duba abu uku: tayin masu saye, farashin da masu sayarwa suka tsaya a kai, da ainihin darajar kayan cikin kwandon da manaja ke sanarwa. In tazarar taye da sallamawa ta yi faɗi, ka yi asara tun ranar da ka shiga.

Mun yi maganar NewGold, kwandon zinariya da ke kasuwar tun 2011, da sukuk, wato takardun jarin Musulunci na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 don aikin hanyoyi. Sukuk ɗin ya kwanta mini don kuɗin makaranta, tunda an san lokacin biyansa.

Lahadi, 19 ga wata

Na tara mahaifiyar yaran da yayata a tsakar gida na karanta musu abin da na yanke. Kashi ɗaya cikin uku kawai zan sa a kwandon, wanda ba za a buƙata ba sai babbar ta gama sakandare, shi ma sai an amsa mini tambayoyi huɗu a rubuce: nawa ake cira duk shekara, yaya tazararsa da ma'auninsa a shekaru biyar da suka wuce, yaushe ake rabon riba, da tambayar Malam. Uwar yaran ta nemi a saya musu tumaki biyu da sunansu, ta ce tana so su riƙa ganin abin ubansu da ido. Na amince nan take.

Gobe da sassafe zan shiga motar Katsina in nemi dillali mai rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, a buɗe asusu a rubuta cewa na marayu ne. Na sayi sabon littafi mai bango ja, na ja layi uku a shafin farko: kwanan wata, farashin kwando, farashin tiyar gero a Mashi.