Injin Niƙan Fontvieille: Na Wane Ne?

Duk yaron da ya yi makarantar Faransanci, a nan Libreville ko a Maradi, da wuya bai ci karo da labaran Alphonse Daudet ba, wanda ya tara su a littafinsa Lettres de mon moulin a 1869. A farkon littafin akwai takardar ciniki mai shaidu, wadda ke nuna ya sayi wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska a kudancin Faransa. Takardar nan ƙirƙira ce. Daudet bai taɓa sayen injin niƙa ba.

Injin da ake kai baƙi su gani yana kan wani tudu mai duwatsu a garin Fontvieille, kusa da birnin Arles. Gini ne kewayayye kamar rumbu, da fukafukai huɗu na katako. Idan iskar arewa da suke kira mistral ta kaɗa su, sai su juya dutsen niƙa a ciki. Sunansa na asali Saint-Pierre, wasu kuma suna ce masa injin Ribet. An gina shi a 1814, ya yi ta niƙa alkama har 1915, lokacin yaƙin duniya na farko. (Wannan hikima ta daɗe a ƙasashen Musulmi: Al-Mas'udi ya ambaci irinta a Sijistan tun ƙarni na 10.)

Daudet baƙo ne a garin. Yakan sauka gidan 'yan'uwansa, iyalin Ambroy, a Montauban, daga nan ya hau tudu ya zauna da masu niƙa yana sauraron hirarsu. A lokacin injunan tururi sun fara ƙwace musu kasuwa, abin da ya sa ya rubuta labarin tsoho Cornille, wanda ya riƙa ɗora wa jakinsa buhunan farar ƙasa don kada a gane alkama ta daina zuwa masa.

Ya rasu a 1897. Sai a 1935 ƙungiyar masoyansa ta gyara injin, aka ɗora masa sunansa. A ganina an tauye haƙƙin masu niƙan da suka shekara ɗari suna shaƙar ƙurar gari a ciki: baƙi suna zuwa daga nesa su ɗauki hoto, kaɗan ne cikinsu ke tambayar wane ne Ribet.