Jitar da Muka Haɗa a Zauren Baba

Duk wanda ya tashi a Kano ya san unguwannin masana'antu uku: Bompai, wadda ita ce babbar yaya tun kafin samun 'yancin kai, sai Sharaɗa da Challawa da suka bunƙasa daga baya. A can ake saƙa atamfa, a matse man gyaɗa, a yi alewa da kwanuka, a jeme fata. Daga tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar kaya masu araha daga waje, kamfanoni da yawa suka rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Idan ana lissafin asarar, injuna da gine-gine ake ƙirgawa. Ba a cika ƙirga mutanen da suka koma gida da ilimi a hannunsu ba, ilimin da babu wanda ya sake tambayarsu.

Mahaifinmu yana cikinsu. Fita ne a wata masaƙa, ya shafe shekara ashirin da 'yan kai yana gyaran injuna. Da aka sallame su, akwatin kayan aikinsa ya shige ƙarƙashin gado, shi kuma ya koma zaman zaure da rediyo. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, mun gama makaranta muna ɗan buga-buga, kuma jita ta shiga ranmu tun da muka fara jin kiɗan Buzayen Agadas a waya. Da muka taya wata a Sabon Gari, kuɗinta ya fi abin da mu biyun muke samu a wata biyu. To amma mun ji labarin Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Mun kuma san kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, gwangwani ne da fata da tsirkiya guda, amma ya zaga duniya da shi. Sai muka ce mu ma bari mu haɗa tamu, kuma ta gaske, mai tsirkiya shida.

Faɗa wa Baba shi ne abin da ya fi ba mu tsoro. A gidanmu ba a gaji kiɗa ba, kuma kowa ya san kallon da ake yi wa ɗan da ya ɗauki abin kiɗa alhali ba gadonsa ba ne. Umma muka fara samu. Ta ce, “Ni ba ruwana, ku je ku same shi da kanku.” Muka durƙusa gabansa da zanen jita da muka kwafa a kan takardar buhun siminti. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, “Ni ban san kiɗa ba, kuma ban haifi maroƙa ba. Amma wannan layin naku a karkace yake. Da me kuka auna?” Muka nuna masa rular makaranta. Ya girgiza kai, ya ce a jawo masa akwatin nan.

Darasinsa na farko shi ne kada mu taɓa katakon jita sai mun gama haɗa abubuwan da za su riƙe aikin. Ya ce a kamfani ba a dogara da hannu, domin hannu yana gajiya, ido yana ruɗuwa. Ana ƙera abin da zai riƙe aiki ya kuma yi wa zarto jagora, ta yadda yanka na ɗari zai fito daidai da na farko. Wata biyu cur muka yi ba mu haɗa ko ɓallin jita ba, sai mariƙai.

Na farko mazubi ne: filawud mai kauri muka jera hawa uku, muka yanke cikinsa da siffar jita, mai rabewa biyu da noti. Na biyu bututun ƙarfe ne da mai walda ya toshe wa gindi ya yi masa ƙafa, ana zuba garwashi a ciki don lanƙwasa katako. Na uku rumfa ce ƙarama, faifan filawud biyu sama da ƙasa a kan dogayen ƙarafa huɗu masu zare, inda ake tokare aiki da siraran sandunan gora maimakon matsewa da ƙarfe. Na huɗu akwatin jagoran zarto ne. Sai matsai guda ashirin da muka yi da guntayen ƙarfe mai zare daga Ƙofar Ruwa da 'yan faya-fayan katako, da tsohon tub na babur da muka yayyanka ya zama igiya mai miƙewa.

Neman katako ya kai mu inda ba mu zata ba. A 'Yan Katako na Na'ibawa muka samu maɗaci busasshe don baya da gefe da wuya. Maɗacin nan da muke jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki ɗan'uwan katakon da kamfanonin jita na Turai da Amurka ke saye ne daga Afirka. Don allon da yatsu ke dannawa muna son madobiya, amma bishiyar ta sha sara har aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017. Sai wani tsohon kafinta ya ba mu ƙafar wata karyayyar kujera ta madobiya, ya ce, “Ku ɗauka, 'ya'yana, ta fi ku shekaru.”

Fuskar jita ce matsala. Ita ce ke rawa ta fitar da sauti, don haka ana son katako marar nauyi amma mai tauri, irin na itatuwan ƙasashen sanyi, wanda ba ya tsirowa a nan. Antonio de Torres, maƙerin jita na Sifaniya da ya tsara siffar da ake bi har yau, ya taɓa haɗa wata a 1862 da bayanta da gefenta na kwali, don ya nuna cewa fuskar ce mai magana. Baba ne ya warware mana. Ya ce injunan da ake kawowa daga Turai cikin akwatunan farin katako suke zuwa, kuma masu gwangwan na bakin kamfanonin Sharaɗa suna sayar da su ga masu yin benci. Muka yi yini guda muna juya falankai a rana. Ya koya mana duba bakin falanki: idan layukan shekarun bishiyar suna tsaye kuma a matse, ɗauka, idan sun kwanta, bar shi. Cikin tuli guda, huɗu kacal suka tsira, babu ƙulli babu ramin ƙusa. Muka haɗa su gefe da gefe, muka yi ta fere su har kaurin ya dawo milimita biyu da rabi. Idan ka riƙe shi da yatsa biyu ka ƙwanƙwasa, sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya.

Gam kuwa daga Challawa ya fito. Wani abokin Baba da ya yi aiki a kamfanin jima ya samo mana gefen ɗanyar fata da ake yankewa a zubar kafin a jeme ta. Aka jiƙa ta a ruwan farar ƙasa, aka wanke sosai, aka dafa a hankali ba tare da ta tafasa ba, aka tace. Irin wannan gam ɗin masu haɗa kayan kiɗa suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi. Ana shafa shi da ɗumi, wajen digiri 60, kuma idan wata rana abu ya lalace, zafi da danshi suna sake buɗe shi a gyara. Warinsa dai ya sa Umma ta kore mu daga madafa har da tukunyar, ta ce mun gaje ta.

Lanƙwasa gefe shi ne aikin da ya fi sa mu riƙe numfashi. Maɗaci mai kaurin milimita biyu, a yayyafa masa ruwa, a kwantar a kan bututu mai zafi, a riƙa murzawa a hankali. Da farko yana gardama. Can sai ka ji ya saki jiki a hannunka, kamar yaron da barci ya kwashe. A lokacin ake juya shi, a kai mazubi a gwada, a dawo. Baba yana gefe da mafici yana kula da garwashi, yana cewa, “Kada ku tilasta masa. Ku jira ya yarda.”

Da muka manna siraran sanduna bakwai a bayan fuskar, a baje kamar yatsun hannu yadda Torres ya yi, muka ɗokanta mu rufe akwatin. Watan Agusta ne, ruwa kullum. Baba ya hana. Ya ce katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Abin da aka manne a kumbure, idan iskar Disamba ta buga shi, tsagewa zai yi, kamar ƙofofin da kafintoci ke haɗawa da damina. Wanda aka rufe a bushe kuwa, iyakarsa ya ɗan tasa idan ruwa ya sauka. Haka muka jira har Nuwamba, wata uku muna kallon gutsattsarin jita a rataye. Sannu ba ta hana zuwa.

A cikin jiran ne muka yi lissafin gaɓoɓin wuya, kuma nan ne muka ga fuskar Baba ta sauya. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa jaki milimita 650 ne. Ana raba shi da 17.817, sai a samu gurbin ƙarfen farko, milimita 36.5. A cire wannan, a sake raba ragowar da lambar nan, a samu na biyu, 34.4. Haka har goma sha tara. Idan lissafi ya yi daidai, ƙarfe na goma sha biyu zai faɗo a tsakiya cif, a kan 325. Baba ya karɓe biro ya yi lissafin da hannu a bayan kalanda, ya ƙi yarda da waya. Da ya iso na goma sha biyu ya ga 325, sai ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Ya zana guraben a kan sandar alminiyom, ya yi mata tsaga-tsaga, ya dasa ɗan ƙarfe a akwatin zarto da zai riƙa faɗawa cikin kowace tsaga. Da wannan, ko makaho zai yanka daidai.

Ƙarafan gaɓa da maɗauran tsirkiya mun ciro su ne daga wata fasasshiyar jita da muka saya a wurin mai gyara a Sabon Gari. Ƙashin da tsirkiya ke hawa, sama da ƙasa, daga ƙafar sa ne. Mahauci ya ba mu, muka dafa, muka shanya, muka goge. Mun zaɓi tsirkiyar roba domin jan da take yi wajen kilo 40 ne, ta ƙarfe kuwa takan kai 70, kuma sai an sa wa wuya ƙarfe a ciki kafin ya jure.

Ranar da muka ɗaura tsirkiya, bayan la'asar ne. Kowane juyi na maɗauri sai katakon ya yi 'yar ƙara, mu kuma gabanmu ya faɗi. Ba ta tsage ba. Sautinta ba shi da ƙarfin na kanti, amma yana da zurfi, kuma yana daɗewa kafin ya mutu. A fuskarta akwai inda tambarin akwatin injin bai gama gogewa ba, muka bar shi. Baba bai taɓa tsirkiyar ba. Ya ɗauke ta ya kai ido saitin wuya kamar mai duba bindiga, ya ce, “Ya miƙe.” Daga bakinsa, wannan ya fi kirari.

Maganar unguwa ba ta ƙare ba. Akwai wanda ya tare Baba a hanyar masallaci ya tambaye shi ko 'ya'yansa sun koma kiɗa ne. Ya ce masa, “Sun koyi awo, Malam. Abin da za su yi da shi tsakaninsu da Allah.” Mu ma mun san iyakarmu: ba ma kaɗawa lokacin salla, ba ma kaɗawa idan dare ya yi.

Mariƙan nan kuwa ba su koma ƙarƙashin gado ba. Wani mai gurmi ya kawo nasa da wuyansa ya saki, muka gyara da gam ɗin fata. Wani matashi daga Sabon Gari ya kawo jitar cocinsu da jakinta ya ɗaga. Tsofaffin abokan aikin Baba biyu sun fara leƙowa da hantsi, ɗaya tana ne, ɗaya mai gyaran lantarki, suna gardama kan yadda za a sa wa bututun lanƙwasa waya mai zafi a huta da garwashi. Falankai shida na jita ta biyu suna jingine a zaure suna shan iska, an rubuta wa kowanne ranar da aka sayo shi da rubutun Baba. Ya ce ba za a taɓa su ba sai hunturu.