Yadda Iko Ya Tattara Ya Koma Hannu Ɗaya

Mu da muka yi wayo a ƙarshen Jamhuriya ta Farko, in aka ce hukuma, ba Legas ke zuwa ranmu ba. Mai unguwa ne, sai dagaci, sai hakimi, sai En'e da 'yan dokarta da alƙalanta da gidan yarinta. Sama da nan kuwa Sardauna ne a Kaduna, Firimiyan Jihar Arewa mai tsarin mulkinta da majalisarta da jami'arta a Zariya da gidan rediyonta. Akwai shugaban ƙasa tun 1963, Dokta Azikiwe, amma sunansa kawai muke haddacewa don jarrabawa. Kujerarsa ta girmamawa ce. Aiki yana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma sai da yardar majalisa.

A watan Mayun 1966, bayan soja sun karɓi mulki, Janar Ironsi ya yi Doka ta 34, ya rushe jihohi ya mai da ƙasar dunƙulalliya. Tarzoma ta ɓarke a Arewa, aka yi asarar rayuka, Gowon ya hau ya soke dokar. Sai dai abin da aka ƙi miƙawa rana ɗaya, a hankali aka karɓe shi. A 1967 aka yanka ƙasar jihohi 12, kowace da gwamnan da gwamnatin soja a Barikin Dodan ta naɗa. Yaƙin basasa ya zo, kowa ya yarda lokacin yaƙi ba na musu ba ne. Aka haɗe 'yan dokar En'e da 'yan sandan tarayya. Kuɗin man fetur ya taso, ya riƙa bi ta Legas kafin ya iso ko'ina. A 1975 tarayya ta karɓi Jami'ar Ahmadu Bello da jaridar New Nigerian, a 1978 Rediyon Kaduna ya shiga ƙarƙashinta. An gama yaƙi tun 1970, amma ba abin da ya dawo.

Don haka da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaba mai cikakken iko a 1979, babbar rigar da soja suka ɗinka wa kansu ya gada.

Shekarar 1984 ce ba na mantawa, bayan soja sun dawo mulki ƙarƙashin Janar Buhari. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, muna cika ɗakin malamai da gardamar siyasa, sai ga Doka ta 2, wadda ta halatta tsare mutum wata uku ba shari'a, a sabunta in an ga dama, kotu kuma ba ta da ta cewa. Doka ta 4 ta biyo baya, aka ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Daga nan in hira ta yi zafi sai wani dattijo a cikinmu ya ce, "Malamai, bango yana da kunne," kowa ya koma kan littafinsa. A watan Afrilu aka canja kuɗi, aka rufe iyakoki, muka yi ta layi a banki da 'yan takardunmu. Jama'a da yawa sun yi murna, suna cewa ai ɓarayin gwamnati ake nufi. Da Babangida ya kifar da gwamnatin a Agustan 1985, ya soke Doka ta 4 amma ya riƙe ta 2, Janar Buhari kansa ya zauna a tsare fiye da shekara uku ba shari'a. Dokar ta wuce hannun Abacha, ba a soke ta ba sai 1999.

Tsarin mulkin da muke kai yau ma dokar soja ce ta haife shi, ta 24 ta 1999, kuma ya keɓe wa tarayya abubuwa 68, har da 'yan sanda da ma'adinai. Sashe na 305 ya ba shugaba ikon kafa dokar ta-ɓaci. A 2004 Obasanjo ya yi amfani da shi ya dakatar da Gwamna Dariye na Filato, a 2006 ya maimaita a Ekiti. Jonathan ya kafa ta a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 bai taɓa gwamnoni ba, amma a Maris 2025 Tinubu ya dakatar da gwamnan Ribas da majalisar jihar wata shida. Ƙofar da wani ya buɗe, na baya ba ya wahalar ƙwanƙwasawa.

Ba a rasa masu taka burki ba. A Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta binne batun tazarcen Obasanjo. A Maris 2023 Kotun Ƙoli ta tsawaita wa'adin tsoffin takardun Naira, bayan Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai ƙara. Wato iko yana tsayawa inda aka tsayar da shi.

Matasan da ke zaɓe yau, in naku ne a kan kujera yana neman ƙarin iko, kada ku dubi fuskarsa. Ku tambayi kanku ko za ku yarda wanda kuka fi ƙi ya riƙe wannan ikon gobe. In amsar a'a ce, to ku hana naku tun yau.